Labulen da Ke Bayan Kujerata

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Yabo da godiya su tabbata ga Ubangijin da Ya shimfiɗa ƙasa, Ya kafa duwatsu a kanta, Ya yanka wa kowane ruwa hanyarsa ko da hanyar za ta yi wata takwas a bushe. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu, wanda ya koya wa matafiyi abin da zai faɗa in ya hau da abin da zai faɗa in ya sauka, tare da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ina so in rubuta labarin wata tafiya da na yi tun gemuna yana baƙi. Ta kwana biyar aka shirya, ta ƙare a wuni na biyu. Yau na tsufa, gwiwoyi sun ƙi, ina zaune a soron gidana a Ɗorayi, amma in na tuna wannan wuni har yanzu tafin hannuna yakan jiƙe.

A lokacin ina aiki a wata masana'antar jima a Bompai. Ni ɗan gidan malamai ne a cikin birni, tsakanin allo da littafi na tashi, sai dai iyali sun fara yawa, karatu kuwa shi kaɗai ba ya ɗora tukunya. Aka ɗauke ni aikin tantance fata da ƙirgi: in ɗaga, in duba, in ware ta yankakkiya daga ta mushe, in fitar da wadda wuƙar mahauci ta huda. In lokacin salla ya yi ni nake shiga gaba. Masallacinmu rumfar kwano ce a jikin katanga, taku kaɗan daga ɗakin ganguna. Gangunan nan na katako ne, kowace ta kai girman ɗaki, ana zuba musu fata da ruwa da magani su wuni suna juyawa, suna ruri kamar hadari mai nisa. Da fari rurin yakan ɗauke mini hankali har in manta raka'a ta nawa nake. Na yi ta fama da kaina har na horar da kunnena, ya zamana da na yi kabbara sai rurin ya fita daga duniyata. Na ɗauki wannan a matsayin baiwa, har nakan yi wa masu yawan rafkanwa nasiha da ita.

Mai kula da injinanmu Bature ne, dogo, mai jan wuya, kowa Injiniya yake ce masa. Ba ta jirgi ya zo ƙasar nan ba. Shi da matarsa sun ratso hamada ne a cikin wata mota mai ɗaki a bayanta, wadda masu leƙe suka ce har da gado da murhu da wurin wanke kwano a ciki. A Kano suka haifi 'yarsu, wadda a lokacin ba ta cika shekara uku ba. Motar tana ajiye a harabar masana'anta, ƙarƙashin wata darbejiya, ma'aikata suka sa mata suna Kunkuru domin da gidanta take yawo. Mutanen Damagaram da ke cikinmu sukan ce irinta ba ta ba su mamaki, sun saba ganinsu a hanyar Agadas, kuma ciwon yawo ne Allah Ya ɗora wa Turawa.

Da hutunsa ya zo a ƙarshen bazara, Injiniya ya ƙudurta kai iyalinsa Jos ganin duwatsu, su riƙa tsayawa duk inda ya yi musu kyau, su kwana a cikin motar. An taɓa korarsa daga wani ƙauye saboda ya ɗauki hoton mata a bakin rijiya, don haka manaja ya ba shi shawara ya tafi da wanda gemunsa da rawaninsa za su riƙa nema masa izini. Hausarsa ta bakin inji ce: kawo, ɗauke, kunna, kashe. Turancina ma bai wuce nan ba. Duk da haka ƙuri'a ta faɗo kaina.

Ban so ba. Ina tsoron hanyar, domin ba a daɗe da mayar da tuƙi hannun dama ba, kuma ana ta labarin direbobin da hannunsu yakan koma tsohuwar al'ada a kan kwana. Ina tsoron tukunyar gas ɗin da na ga an ɗaure a jikin motar. Ina tsoron abin da za a dafa a ba ni. Na tafi wurin malamina a cikin birni na shimfiɗa masa komai. Ya ce in je, tunda maslaha ce ga mutanen ƙauyen da za a ratsa, amma in tafi da butata da guzurina, in tsare cikina, in tsare idona. Maiɗakina ta haɗa mini gumba da ƙuli-ƙuli da dambun nama. Na ɗauki buzuna, na rataya gafakar da ke ɗauke da littafin fiƙihu na mahaifina, wanda ya kwafa da hannunsa tun kafin a haife ni.

Da safen da za mu tashi, Injiniya ya buɗe ƙofar gefen motar ya ce in shigo ya nuna mini ciki. Uwargidansa tana ciki tana ninke zannuwan gado. Na tsaya taku uku daga ƙofar. A gidan da na tashi, baligin da ba muharrami ba iyakarsa soro. Na yi shekaru ina karatu a gidan malamina ban san launin ƙofar ɗakin matansa ba. Yanzu ga ɗakin matar aure, ga gadonta a shimfiɗe, kuma kasancewar ɗakin yana kan taya bai sauya masa hukunci a wurina ba. Na ce na gode, na gani daga nan.

Ya yi dariya ya ce, "Malam, mota ce, ba gida ba."

Na ce masa in dai da gado a ciki, gida ne. Ma'aikata suna tsaye suna kallo. Shugaban leburorinmu, wani mutumin Haɗeja mai bakin tsiya, ya ɗaga murya ya ce, "Allah gafarta Malam, don Allah ku dawo mana da alwalarku yadda kuka tafi da ita." Aka kwashe da dariya, ni ma na yi.

Wurin zamana kujerar gaba ce, kusa da Injiniya. A bayan kujerun nan biyu akwai wani labule kore mai kauri, daga rufi har ƙasa. Tun da na zauna na ƙudurta a raina cewa wannan labule katanga ne, abin da ke bayansa ba nawa ba ne. Hannun Uwargida yakan fito ta cikinsa da kofin shayi, in karɓa ba tare da na waiga ba. Yarinyar takan ɓullo da kanta ta ja jelar rawanina tana cewa "Mala, Mala," uwar ta janye ta. Ko sau ɗaya ban juya wuyana ba.

Muka fita daga Bompai, muka bi hanyar Zariya, muka karya a Kwanar Ɗangora. Ban daina addu'a ba. Duk tankar man da ta tunkaro mu sai in ga kamar a layinmu take. A gefen hanya ga gawarwakin motoci sun yi tsatsa, wata ta kifa, wata ta rungumi bishiya, Injiniya kuwa da hannu ɗaya yake tuƙi, ɗayan yana nuna mini tsuntsaye. Ba ya wuce komai. Ya tsaya wa suri, ya tsaya wa kuka mai kogo, ya tsaya wa mata masu ginin tukwane. Ni nake sauka in yi sallama, in yi bayani, in nemi izini, wani wuri a yarda, wani wuri a ce a'a mu wuce. Tafiyar da bas ke gamawa kafin hantsi ita muka wuni muna yi. Da yamma muka sauka a bakin wani ƙauye, na je na gaida dagaci ya ba su fili, ni kuma limamin garin ya sauke ni a zaurensa.

Kashegari muka ratsa dajin Falgore. A ƙauyen an cika mini kunne da labarin 'yan fashin dajin, don haka duk kututturen da na hango sai in ga mutum ne a tsugune. Ba mu gamu da kowa ba sai birai. Da muka fita daga dajin na yi hamdala, na ɗauka abin tsoron ranar ya wuce.

Ƙasa ta fara tashi, duwatsu suka fara bayyana, wani a kan wani kamar an jera. Dab da azahar muka iso wata gada a kan busasshen rafi, mai faɗi, mai farin yashi. Manyan itatuwa sun sunkuyo daga gaɓa sun yi masa inuwa. A gefen gadar akwai gangaren da shanu ke bi, Injiniya ya saki kwalta ya gangara da Kunkuru a hankali, ya tsayar da ita a tsakiyar yashin inda ƙasa ta yi tauri. Ba zan ɗora masa laifi shi kaɗai ba, domin ni na fi shi murna. Mutumin da ya yi shekaru hancinsa na cikin warin jima, ga shi a kan yashi tas kamar an wanke. Na tona da hannuna, kamu biyu ruwa ya tsattsafo, mai sanyi, na cika butata. Sama a kanmu garau take, rana tana dukan dutse. Can nesa ta kudu, a kan manyan duwatsu, wani hadari ya yi baƙi ƙirin, Injiniya ya ɗauki hotonsa yana cewa yana da kyau. Ni mutumin birni ne. A wurinmu ruwa daga sama yake zuwa, kana ganinsa, ka kwashe shanyarka.

Akwai abu ɗaya da na gani ban tambaya ba. Wani dattijon Bafulatani yana can ƙasa da mu da shanunsa a cikin inuwa, sai na ga yana kora su yana hawa da su gaɓa, cikin tsakar rana, ya bar inuwa ya bar ruwa. Na ce a raina Fulani da wahalar da kai. Ni da aka ɗauko musamman domin in yi tambaya, ban ɗaga murya na tambaye shi dalili ba.

Suka ci abincinsu, na dama gumbata. Yarinyar ta yi barci. Injiniya ya ce za su haye wani dutse da ke ƙetaren kwalta su ɗauki hoto, ba za su daɗe ba. Uwargida ta zo ta tsaya a gabana, sanye da gajeren wando irin nasu, tana yi mini bayani rabi Hausa rabi Turanci. Na kafe idona a kan yashi. Na ji "yarinya," na ji "barci," na ji "ƙofa." Na ga inuwar hannunta a ƙasa tana nuna wani wuri, ta sake nunawa. Ban ɗaga kai na ga inda hannun ya nufa ba. Na ce to, to, ba komai, su je su dawo lafiya. Suka tafi suka bar mini ran 'yarsu amana.

Na yi alwala, na shimfiɗa buzu a inuwar motar, na ajiye gafaka a gefe. Sallar matafiyi ce, raka'a biyu. Na yi kabbara.

Ina cikin Fatiha rurin ya fara, can ƙasa-ƙasa, daga nesa. Kunnena ya yi abin da na koya masa, ya ture shi waje. Na karanta sura, na yi ruku'u, na ɗago, rurin yana ƙaruwa, ni kuwa ina tsaye a rumfar kwano ta Bompai a cikin zuciyata, ganguna suna aikinsu ina nawa. Na gama raka'ar farko cikin natsuwa. A ta biyu wata iska mai sanyi ta bugi ƙeyata, mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wani hoge ya faɗo kusa da buzuna ya fashe. Ban kula ba. Sai da na kai goshina ƙasa. Kunne na horar, ban horar da goshi ba. Yashin yana rawa a ƙarƙashin fuskata, kamar bayan dabbar da ƙuda ya sauka a kai. A nan tunani ya faɗo mini cewa babu ganga a dajin nan.

Na sha karantar da cewa wajibi ne a yanke salla domin ceton rai. Ban taɓa zaton ni hukuncin zai zo wa ba. Na miƙe ba sallama. Bafulatanin nan yana tsaye a kan gaɓa, wani hogen a hannunsa, yana nuna sama da rafin da sandarsa. Na duba. A kan kwanar rafin wani abu ya ɓullo wanda bai yi kama da ruwa ba. Ja ne, mai kumfa, ya ɗauko itace da ƙaya da karan shinge, kamar gona ce ta tashi take tafiya. A gabansa wani siririn harshe yana gudu a kan yashi yana huci.

Na ruga ƙofar gefen motar. Abin da ya fara fita daga bakina sallama ce. Wallahi sallama na yi, a ƙofar ɗakin da ba kowa sai ƙaramar yarinya, ruwa yana tahowa. Na kama mariƙin na ja, bai motsa ba. Na murɗa dama, na murɗa hagu, na danna, na sa ƙafa na ja da hannu biyu. A kulle take. Na zaga baya, na tarar da tayar safaya da tsani, babu ƙofa. Tagogin ƙanana ne, suna sama, da raga a jikinsu. Ruwan farko ya iso ya rufe idon sawuna, sanyinsa ya hau har cikin haƙorana. Kafin in dawo ƙofar ya kai ƙwauri. Na ga buzuna ya tashi yana juyawa, gafakar mahaifina a kansa, suka wuce ta gabana ban miƙa hannu ba.

Dukan da nake yi wa ƙofar ya tashi yarinyar, ta fara kuka. Na laluba cikin ruwa na ɗauko dutse zan fasa taga, sai na ji kukan daga ƙarƙashin tagar yake fitowa. In na fasa, a kanta gilashin zai zuba, kuma ko na fasa kafaɗata ba za ta shiga ba.

Bafulatanin ya kira ni daga gaɓa ya ce, "Malam, bar motar nan ka fito, na bayan ya fi wannan."

Na ce masa, "Akwai rai a ciki."

Na ga ya yar da hogen ya gangaro yana bin gaɓa da gudu.

Na tsaya da dutse a hannu, ruwa a gwiwa, babu sauran dabara a kaina. Bakina yana kiran sunayen Allah, ban san wanne nake kira ba. Na ga fuskar uwar in ta dawo. Na ga kaina a gaban Ubangiji ana tambayata amanar da na ce to a kanta sau biyu ban san me na karɓa ba. Cikin wannan hali idona ya faɗa ta gilashin gaba, ya sauka a kan kofin shayin da na sha da safe, yana nan inda na ajiye shi. Hannu ne ya miƙo mini kofin nan. Hannu ba ya ratsa katanga. Yarinyar ma da kanta ta sha ɓullowa ta wurin. Sai na gane abin da inuwar hannun nan take nuna mini a kan yashi: uwar ta kulle ƙofar gefe ta ciki don kada 'yarta ta farka ta faɗo, ta fito ta gaba, ta ce in na ji kuka in bi ta nan. Ƙofar da zan bi kuwa ita ce tawa, wadda na buɗe da hannuna fiye da sau ashirin tun jiya.

Na ja jiki zuwa gaba ina dafe da motar. Ƙofar ta buɗe da ja ɗaya. Na hau, na ɗora gwiwa a kan kujerata, na kama labulen.

A nan zan faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Hannuna yana kan labulen, yarinya tana kuka a bayansa, ruwa yana shigowa ta ƙasan ƙofa, na tsaya. Numfashi ɗaya ne ko biyu, Allah ne Ya san tsawonsa. Abin da aka gina ni a kansa shekara arba'in ya riƙe mini wuyan hannu. Ban motsa ba sai da motar ta motsa. Na ji gindinta ya ɗaga ya ja gefe, tukwane suka zubo a ciki, sannan na yaye labulen na faɗa.

Wurin ƙunci ne, bai kai rabin yadda na zata ba. Ga tufafin mace a rataye suna lilo, ga gadon da na ƙi kallo ya tare hanya. Na taka shi da ƙafafuna masu laka. Yarinyar tana tsaye a ɗan gadonta mai raga, fuska ta yi ja. Da ta gan ni ta ja baya, sannan ta cafki gemuna da hannu biyu. Na warware rawanina na naɗe ta a ƙirjina, na ƙulle a baya, ni da ban taɓa goya ko ɗan cikina ba.

Kafin in dawo gaba motar ta juya, ƙofata ta koma ɓangaren da ruwa ke duka, na tura ta ƙi. Na tsallaka kujerar Injiniya na fita ta tasa. Ruwan ya kama ni a ƙugu. Ban iya iyo ba, mahaifinmu ya hana mu kududdufi tun muna yara. Tsakanina da gaɓa bai fi taku goma sha biyar ba, amma duk inda na sa ƙafa sai yashin ya zare daga ƙarƙashinta. Wani gungume ya doke ni a cinya na durƙusa, ruwa ya kai mini haɓa, na tallafo yarinyar sama da hannu ɗaya ina jin yatsunta a gemuna. Na yi kalmar shahada. Na yi ta ne da yaƙinin cewa ita ce ta ƙarshe, abin da kawai nake roƙo shi ne a tsinci yarinyar a kaina ba a ƙarƙashina ba.

Sai wani abu ya bugi kafaɗata. Sandar Bafulatanin ce. Ya shigo ruwan har cinya, ya riƙe saiwar itace da hannu ɗaya, ya miƙo sandar da ɗayan. Na kama. Tsoho ne siriri kamar kara, ban san inda ya sami ƙarfin ba, ya ja mu kamar yadda ake jan maraƙi daga taɓo, har na ji gwiwata ta taɓa ƙasa mai tauri.

Muka zube a kan gaɓa. Yarinyar ta yi tari, ta amayar da ruwa, ta tsala kuka, ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba. Ruwan bayan da Bafulatanin ya faɗa ya iso muna kallo. Ya ɗauki Kunkuru ya kwantar da ita a gefenta, ya ja ta har ya haɗa ta da ƙafar gada, ruwa yana bi ta kanta. Rana kuwa tana nan a kanmu, ko ɗigo ɗaya bai sauka daga sama ba.

Iyayen sun hango ruwan tun daga kan dutse. Uwargida ce ta fara isowa, ba takalmi, ƙafafunta duk jini. Ta kasa kwance ƙullin rawanin, sai ta zaro 'yarta ta sama, ta duba ta gaɓa-gaɓa har yatsun ƙafa. Sannan ta kama hannuna da hannayenta biyu ta riƙe tana kuka. Ban taɓa musafaha da matar da ba muharramata ba, amma ban janye ba, kuma ba zan ce rashin ƙarfi ne kaɗai ya hana ni ba. Injiniya ya zauna a ƙasa yana kallon gadar.

Bafulatanin ya matse rigarsa, ya dube ni ya ce, "Malam, a birninku ba a gaya muku rafi ko ya yi tafiya bai saki gidansa ba?" Na ce ba a gaya mana ba. Na tambaye shi me ya hana shi yi mana magana tun da fari. Ya ce, "Na gan ka da rawani da gafaka, ga Bature da mota. Na ce waɗannan sun san abin da ban sani ba." Ya ƙi karɓar komai daga Injiniya, ya bi shanunsa. Ban tambayi sunansa ba.

Na sake sallar azahar a kan gaɓa, a zaune, domin cinyar da gungumen ya doka ta ƙi ɗaukata. Wata babbar mota mai ɗauke da dankali daga Jos ta kwashe mu, Uwargida da yarinyar a gaba, ni da Injiniya a kan buhuna. Duk gadar da muka hau sai in rufe ido.

Labari ya riga ni isa Bompai. Ranar da na koma aiki mutumin Haɗejan nan ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Allah gafarta Malam, an ce kun shiga har kan gado." Na ce na shiga, har na taka. Ya buɗe baki zai ƙara, sai ya dubi fuskata ya fasa, ya karɓi kekena ya jingine mini.

Na je wurin malamina na ba shi labari ban rage komai ba, har da tsayawar da na yi a bakin labule. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Na ce ka tsare idonka, ban ce ka rufe shi ba. Wanda zai karɓi amana sai ya san ƙofarta." Na ce littafin mahaifina ya tafi. Ya ce babin da na buƙata a ranar ai ba a cikin gafaka yake ba. Na tambaye shi game da numfashin nan biyu, ko akwai kaffara. Ya ce in yi istigfari, kuma kada in roƙi Allah Ya mantar da ni.

Bayan makonni aka jawo Kunkuru aka mayar da ita ƙarƙashin darbejiyarta, ba ta sake tashi ba. Kafin Injiniya ya koma ƙasarsu na roƙe shi ya buɗe mini ita. Na shiga ta ƙofar gefe, cikin warin laka, na sa ya nuna mini sakatar da ta gagare ni. Wani ɗan ƙarfe ne da bai kai yatsa ba, ana ɗaga shi sama. Na ɗaga na sauke, na ɗaga na sauke, yana tsaye yana kallona.

Baiwar da nake alfahari da ita kuwa ba ta dawo ba. Na ƙara shekaru a Bompai, aka mayar da mu Challawa inda gangunan suka fi girma, har na ajiye aiki ban sake yin salla ɗaya a bakin aiki da rurin ya fita daga kunnena ba. Ina yin kabbara sai in ji shi, gabana ya faɗi, in kai goshi ƙasa ina sauraron ko tana rawa. Na yi sujadar rafkanwa a shekarun nan fiye da duk waɗanda na taɓa yi wa nasiha.

Yarinyar nan in tana raye yanzu ta yi jikoki ko ta kusa, ban san ƙasar da take ba. Allah Ya shirye ta, Ya tsare ta. Dattijon da ya miƙo sanda, Allah Ya miƙa masa rahama ranar da ƙafafu ke zamewa. Kai kuma mai karatu, Allah Ya kiyaye ka a hanya da masauki, Ya sa kada a ba ka amanar da za ta gagare ka, Ya tsare iyalinka daga abin da ke tahowa ba a gani, Ya sanya albarka a gidanka da duk wanda ke cikinsa. Amin.